Lamba ta Bakwai Tana Gefen Ruwa

Asabar, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Teku kwance. Iska kaɗan daga arewa. Na sha maganin safe, fari biyu, ja ɗaya.

Na ciro wannan littafin daga ƙasan akwati. Rabon da in sa masa alƙalami tun shekarar da likita ya hana ni nutso, yau shekara goma sha biyu. Rabinsa na farko duk jerin wuraren da muka shiga ne: rana, zurfi, minti nawa, abin da muka gani. Sauran shafukan farare ne. Malaminmu na aji huɗu ya kan ce in kanka ya ɗaure, rubuta kwanan wata da yanayin gari tukuna, saura zai biyo baya. To, na rubuta.

Mandione Niang ya fita ranar Alhamis da sassafe a ƙaramin kwalekwalensa, shi kaɗai, da tukunyar iska ɗaya. Bai dawo ba. Jiya masuntan Yoff suka tsinci kwalekwalen yana gantali a ruwa, igiyar anga a tsinke, takalmansa da hularsa a ciki. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Nawa saba'in da takwas. Shekara talatin muka yi muna shiga ruwa tare, shi a dama, ni a hagu.

Na je kulob ɗinmu na masu nutso. Daga ƙofata zuwa can taku ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Na huta sau uku.

Allonmu yana nan a bangon ɗakin tukwane: layi a tsakiya, gefe ɗaya tudu, gefe ɗaya ruwa, da ƙusoshi. Kowa da lambarsa ta tagulla. In za ka shiga, ka mai da ita gefen ruwa da hannunka. In ka fito, ka mai da ita tudu da hannunka. Ba mai taɓa ta wani. In mutum ya kasa, abokin nutsonsa kaɗai ke da izini, shi ma sai ya ga fitowarsa da idonsa. Ni da Mandione muka kafa dokar. Tun da na daina bai ɗauki wani abokin dindindin ba, da wanda ya samu yake shiga.

Tawa ce ta shida, ta Mandione ta bakwai. Tana gefen tudu, har ta yi kore. Ta bakwai tana gefen ruwa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Teku kwance. Masu ceto sun yi kwana uku suna dubawa daga Almadies har bayan Yoff. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Yau babbansu ya ce bai san inda za su dosa ba, tun da ba wanda ya san inda angar ta tsinke.

Ngoné Mbengue ta tara 'yan kulob a ƙarƙashin rumfa. Ita ce shugaba yanzu. Likitar haƙori ce. Mu muka koya mata numfashi a ruwa tana 'yar shekara goma sha tara, ranar farko har kuka ta yi cikin gilashin fuska. Ta rubuta da alli wurare biyar da muka fi zuwa: Makaranta, Dutsen Kunkuru, Jirgin Gyaɗa, Kasuwa, Ƙofa Biyu. Ta ce za a bi su ɗaya-ɗaya da sassafe, kafin kowa ya tafi aikinsa.

Sai ta juyo wajena. "Pa Libasse, kai ka fi kowa saninsa. Akwai wani wuri da zai je shi kaɗai?"

Na ce Mandione ba ya jin shawarar kowa, ko ta matarsa.

Wannan ba ƙarya ba ce.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da azahar

Makaranta, mita shida, inda muke koyar da sababbi. Ba wanda ya sa rai, amma daga nan ake farawa. Ba komai. Ta bakwai tana gefen ruwa.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Iska ta ɗan ƙaru. Dutsen Kunkuru, mita goma sha takwas. Ba komai. Sun ce sun ga kunkuru biyu.

Na je gaida Arame, matar Mandione. Gidan cike da mata, amma ba mai kuka da ƙarfi, don ba a san abin da ake zaune dominsa ba. Liman ya ce ba sallar gawa, ba takaba, sai an gan shi, ko kuma a yi jira mai tsawo. Saboda haka tana zaune a tabarma da zanenta na kullum mai furanni. Ba matar aure ba, ba mai takaba ba.

"Diagne," in ji ta, da sunan gidanmu.

"Arame. Ya haƙuri?"

"Haƙurin me kuma zan ce? Abokinka ya bar mini butarsa cike da ruwa a bakin ƙofa. Na rasa in zubar ko in bari."

Na ce ta bari.

Ta dube ni ta daɗe. Na ce ƙirjina yana damuna, na taso.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Makon jiya kamar yau Mandione ya zo nan bayan la'asar. Mun sha shayi. Ya zauna a kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa.

Na gyara ƙafar kujerar yau.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da azahar

Teku kwance, ruwa garau. Jirgin Gyaɗa, mita ashirin da takwas. Ngoné ta shiga har ɗakin inji da fitila. Ba komai.

Mu muka gano jirgin nan. Wani tsohon masunci ya gaya mana tarunsa na yawan maƙalewa a wurin. Da muka sauka Mandione ya zauna a inda matuƙi ke zama, ya sara mini kamar soja, har ruwa ya shiga mini hanci don dariya. Da muka fito ya ce, "Diagne, daga yau ni ne kyaftin, kai ne mai wanke kwanuka. Dama aikin kakanninka ke nan a gidanmu." Niang da Diagne, wasa ne tun kaka da kakanni. Shi ya kira ni bawansa, ni in kira shi mayen shinkafa. Ban taɓa jin haushi ba ko sau ɗaya.

Tun da matata Codou ta rasu, duk Alhamis ya kan zo da shinkafa da kifi daga gidansa, a kwanonsa shuɗi mai ɓantararren baki, mu ci tare. Ya tura mini kifin, ya ja ƙanzon gabansa. Yau 'yarsa Yacine ta kawo, a wani kwanon daban na goran ruwa. Ta ce uwarta ta ce ba za a fasa ba.

Na buɗe, na rufe. Na ba maƙwabta.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan masallaci

An yi wa Mandione addu'a. Liman bai ce mamaci ba, bai ce mai rai ba. Ya ce ɗan'uwanmu da ke hannun Allah.

Ta bakwai tana gefen ruwa.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da la'asar

Kasuwa, mita ashirin. Ba komai. Ko kifin kirki babu.

Ya kamata in rubuta dalilin sunan. Da muka fara ganin wurin, kifi har ba a ganin dutse. Kifin da muke kira thiof, manya-manya, sun jeru kamar dattawa a majalisa. Muka fito muna ihu, muka gaya wa kowa a bakin gaɓa, har da zana musu alamomin. Cikin shekara biyu aka share shi tas, da mashi, da taru, da abin fashewa. Sunan kawai ya rage.

Shi ya sa da muka sami wuri na shida ba mu gaya wa kowa ba.

Na rubuta na shida. Na so in soke. Malaminmu ya hana mu sokewa, ya ce abin da hannu ya rubuta kai ne ya aiko shi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Ƙofa Biyu, mita talatin da biyu. Wuri na ƙarshe a jerin Ngoné. Na zauna a rumfar kulob har suka dawo. Doudou Paye, mai tuƙa jirgin kulob, ya kashe inji tun daga nesa ya girgiza kai. Ngoné ta fito ta zauna a yashi da rigar robarta, ba ta ko cire ɗamarar dalma ba. Idanunta jajir. Kwana bakwai tana shiga ruwa da safe, tana cire wa mutane haƙori da rana.

Ta ce, "Pa, mun gama wuraren. Ban san inda zan sake dubawa ba."

Na ce Allah ya saka musu.

A hanyar dawowa na huta sau biyar.

Lahadi dai, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Wurin yana bayan tsibirin da ke gaban unguwarmu, mita ashirin da huɗu. Dutse ne guda a tsakiyar yashi, da kogo mai faɗin ɗaki. A ciki akwai wata thiof da ta kai girman mutum. Muka sa mata Kaka, wurin kuma Ɗakin Kaka. Muka yi rantsuwa a cikin kwalekwale, jiƙe sharkaf, cewa ba mai gaya wa na uku. Yau shekara talatin da tara. Bai shiga littafin nan ba, bai shiga na'urar kowa ba. Alamomin tudu kawai, a ka.

Ranar Larabar nan Mandione ya zauna ya ce, "Diagne, bawana, gobe za ka yi wa ubangidanka aiki."

"Wane aiki kuma, mayen shinkafa?"

"Taru ya faɗa wa Kaka. Babba, na roba. Ya rufe bakin ɗakin. Kifi na mutuwa a ciki."

"Tafi da Ngoné."

"Rantsuwar fa? Ai ba ruwa na ce ka shiga ba, tsohon banza. Zama kawai za ka yi a kwalekwale, ka duba kumfana, ka duba anga. Minti ashirin. Ko akuya za ta iya."

Na ce ƙirjina. Ya ce iskar teku ce maganinsa. Na ce likita. Ya ce likitan bai taɓa ganin Kaka ba.

Ba ƙirji ba ne. Ƙafafuna ne. Ba zan iya hawa kwalekwale ba sai an ɗauke ni, kuma ban so a ɗauke ni kamar buhun albasa a gaban mutanen unguwarmu Ngor, a gaban wanda na koya wa ɗaura dalma. Ban gaya masa haka ba. Cewa na yi, "Je ka, Niang. In ka nutse ni zan gaji kwanon shinkafarka."

Ya yi dariya har ya sarƙe da shayi. A bakin ƙofa ya ce, "Bawa ya yi tawaye. Za ka gani."

Da ina cikin kwalekwalen, da igiyar ta tsinke zan gani. Da kumfa ya tsaya zan gani. Ina da waya a aljihu.

Kwana goma ina gaya wa kaina rantsuwa ce ta rufe mini baki. Wani lokaci kuma in ce in na faɗa, na yarda ke nan yana can. Dalili na uku kuma Arame ce, yadda zan dubi idonta.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da azahar

Na tambayi liman bayan sallar asuba, ban ambaci suna ba. Ya ce rantsuwar da riƙe ta ke cutar da wani, a karya ta a yi kaffara. Ya ce da shekaruna kada in yi azumi, in ciyar.

Na je wurin aikin Ngoné. Na jira har ta sallami wata mata. Na rubuta mata a takarda da kyakkyawan rubutu:

Na ɗaya, fitilar jiragen ruwa ta Mamelles ta hau kan bakin tsibiri na yamma. Na biyu, hasumiyar masallacin unguwarmu ta taɓa kusurwar gabas ta tsohon otal. Inda layukan biyu suka haɗu, saki anga.

Ta karanta sau biyu. Ta cire safar hannunta a hankali.

"Tun yaushe ka sani, Pa?"

"Tun farko."

Da ta yi faɗa da ya fi mini. Ta naɗe takardar ta sa a aljihu, ta kira mini mota don kada in taka.

Talata, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Sun je. Sun jera alamomin. Yashi. Mita ashirin da biyu, yashi fari, ba dutse ko na jifan kare.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da azahar

Sun sake zuwa, mutum shida, suka yi zagaye da igiya. Yashi.

Ina zaune a rumfa na ji biyu daga cikinsu suna wanke kaya a bayan bango. Ɗaya ya ce tsufa ne, tsoho ya yi mafarkin dutse. Ɗayan ya ce ko laifi ne ke cinsa ya ƙirƙiro. Doudou ya daka musu tsawa, sannan ya zo ya tsuguna a gabana.

"Pa, ba raini ba. Shekara goma sha biyu ba ka ga tudu daga ruwa ba. Ko kusurwar yamma ce ba gabas ba?"

"Gabas ce."

"Ko fitilar..."

"Doudou, na san hanyar Ɗakin Kaka kafin uwarka ta yaye ka."

"To, Pa. Ni dai yashi na gani."

Na dawo na zauna da takarda, na zana, na sake zanawa. Gabas ce. Na tabbata. Da la'asar kuma ban tabbata ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Teku ya tashi. Ba fita. Yacine ta kawo kwano. Na ba maƙwabta.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da la'asar

Teku a tashe. Raƙuman ruwa har bakin rumfa. Ban je masallaci ba, ƙafa ta kumbura. Gabas ce.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Teku a tashe. Ngoné ta zo gida, karo na farko da muka yi magana tun ranar Litinin. Ta tsaya, na ce ta zauna, ta zauna a kujerar.

Ta ce mutane sun gaji, biyu sun kamu da ciwon kunne. In ruwa ya kwanta za a yi fita ɗaya, daga ita a tsaya. Ta ce sababbin ɗalibai suna tsoron allon, kullum suna tambaya. Ko zan yarda in cire lambar, ba tudu ba, ba ruwa ba, a ajiye a aljihun tebur.

Na ce ban ga fitowarsa ba.

"Pa, wataƙila ba wanda zai gani."

"To, a nan za ta zauna."

Ta shafa fuskarta da hannu biyu. "Ku biyun nan, tun ina yarinya kuke ba ni wahala."

Na ce fita ta ƙarshen da ni za a yi. Ta ce likitana zai kashe ta. Na ce ke ma likita ce. Ta ce ta haƙori, kuma ni ba ni da ko ɗaya. Wannan ne karo na farko da na yi dariya.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan la'asar

Teku ya fara sauka.

Na je gidan Arame. Taku ɗari shida da wani abu, na daina ƙirgawa. Mata sun ragu, saura ƙanwarta da Yacine. Butar tana nan bakin ƙofa. Na ce ina son magana, suka ba mu wuri.

Na gaya mata duka. Taru, kwalekwale, minti ashirin, ƙafafuna. Maganar kwano ce kawai na kasa.

Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta tsaya ba har na gama.

"Na san ya zo wurinka, Diagne. Ya dawo yana dariya, ya ce bawansa ya yi tawaye. Bai ce mini a kan me ba. Da safe ya fita."

"Ba ki tambaye ni ba."

"Ranar da ka zo na dube ka, ka ce ƙirjinka. Na ce bari in ga ko zai zo da ƙafarsa." Ta zubar da tsakuwa a gefe. "Kwana goma sha bakwai ina kwana da zanen nan. Ban san ko in yi masa addu'ar dawowa ko ta rahama ba. Ka san wannan?"

Na ce na sani.

"Ba ka sani ba. Taka matar ka binne ta da hannunka."

Ta ajiye farantin.

"Ba yau zan yafe maka ba. Ba kuma cewa na yi ba zan yafe ba. Ka kai su wurin. Ko a kai za a ɗauke ka, ka kai su."

Litinin, 17 ga Nuwamba, da magariba

Teku kwance. Gobe. Na goge tabarauna. Na ciro tsohuwar hular rana ta Codou, tawa ta ɓace.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan la'asar

Teku kwance kamar mai a faranti. Iska ba ko kaɗan. Na sha magani, fari biyu, ja ɗaya.

Bakin gaɓa cike yake, masunta na gyaran taru, mata na jiran kifi. Doudou ya juya mini baya ya tsuguna. Na hau. Ya shiga ruwa da ni har gwiwa.

"Pa, ashe kai ba nauyi. Duk girman kan nan iska ce?"

"Tafi a hankali, jakin Paye."

Mutane sun gani. Wata mata ta ce sannu Maam, wato kaka. Shi ke nan. Abin da na guje wa ke nan. Bai kai minti ɗaya ba.

Muka zaga bayan tsibiri. Ngoné da wani Assane, wanda ya fi sauran daɗewa a ruwa, suna shirya kaya. Doudou ya rage gudu. Fitilar Mamelles ta hau bakin tsibiri daidai. Ya nuna da haɓa. "Ga hasumiya, ga kusurwar otal. Nan muka sauka sau biyu."

Na duba. Ban gane garin ba. Benaye sun tsiro kamar haƙoran kada, tun daga Almadies har inda ido ya tsaya. A tsakiyarsu ga hasumiya fara, doguwa, mai kore a kai, ta taɓa kusurwar otal.

Ba ita ba ce.

Shekara shida da suka wuce aka faɗaɗa masallacinmu, aka gina sabuwar hasumiya ta gabas. Tsohuwar, gajeriyar, aka so a rushe, mu tsofaffi muka hana. Ni da bakina na yi magana a taron. Duk Juma'a ina wucewa ta ƙarƙashin su biyun. Amma da na zauna rubuta wa Ngoné takarda, garin da ke kaina na da ne, mai hasumiya ɗaya. Su kuma da aka ce hasumiya, wadda ake gani suka duba. Wa zai zarge su?

Na ce, "Doudou, riƙe fitilar a inda take, ka yi gaba. A hankali."

"Pa, za mu bar layin."

"Yi gaba."

Muka yi ta tafiya. Ngoné ta daina abin da take yi. Can sai ga ta, tsakanin wani bene mai ruwan ƙasa da tankin ruwa, 'yar ƙarama, toka-toka, kamar ɗan yatsa. Ta matso, ta matso, ta taɓa kusurwar.

Na ce, "Saki."

Ƙarar anga a dutse daban take da ta yashi. Doudou ya ji a igiya, ya dube ni.

Suka shiga ƙarfe tara da minti goma. Na matsa bakin jirgi na duba kumfa. Gungu biyu, suna tafiya tare. Na duba igiyar anga. Na duba kumfa. Doudou ya miƙo mini ruwa, ban karɓa ba. Kumfan ya tsaya wuri ɗaya ya daɗe. Ko akuya za ta iya.

Minti goma sha tara, jan balan-balan, alamar sun samu, ya ɓullo.

Da Ngoné ta fito ta riƙe tsani, ta cire abin numfashi, ta ɗaga gilashin zuwa goshi. Ta ce, "Yana nan, Pa. A bakin kogon." Ta ja numfashi. "Ya yanke fiye da rabin tarun. Wuƙar na ɗaure a hannunsa."

Na tambaya ko tarun ne ya riƙe shi. Ta ce ba za ta iya cewa ba. Ƙafa ɗaya na ciki, amma wataƙila daga baya ne. Wataƙila zuciya ce. Ba wanda zai sani.

Doudou ya ɗauko na'urar da ke riƙe wuri, ya dubi Ngoné. Ta ce ya mayar aljihu, balan-balan ya isa har gobe.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da magariba

Teku kwance. Masu ceto suka fita da Ngoné da safe. Na jira a bakin gaɓa, a kujerar da wani ya kawo mini. Ƙarfe goma sha ɗaya suka iso. A lulluɓe yake. Na miƙe na matsa har ruwa ya taɓa ƙafata, na tsaya har aka sauke shi a kan yashi. Na gani da idona.

An yi sallah bayan la'asar. Mutanen Ngor da Yoff da Ouakam. Da muka dawo daga maƙabarta na hango Arame ta ƙofa, ta sa fararen kaya. Tana kuka da ƙarfi, mata na riƙe da ita. Butar ba ta bakin ƙofa.

Daga nan na wuce kulob. Suna nan dukansu, ba wanda ya kira su. Suka buɗa mini hanya. Ƙusar ta yi mini tsawo yanzu, sai da na yi ɗage. Doudou ya matso, Ngoné ta riƙe hannunsa.

Na ciro ta bakwai. Gishiri ya kama bayanta. Na goge da bakin rigata, na rataye ta kusa da ta shida.

Na ce, "Niang, ka fito."

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ji Assane ya ce amin.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da azahar

Teku kwance. Iska kaɗan daga arewa. Na sha magani.

Ngoné ta biyo da safe, gashinta a jiƙe. Ita da Assane sun koma sun yanke sauran tarun, sun ɗauke balan-balan. Ta ce a can cikin kogon akwai wata thiof, ba ta taɓa ganin irinta ba, ta tsaya tana kallonsu ba ta gudu ba. Ko Kaka ce, ko jikanyarta. Ta ce wurin ba zai hau allon kulob ba. Ta tambaya yadda rantsuwar take, kalma da kalma, don ita da Assane da Doudou su yi. Na gaya mata. Na ce ta ƙara abu ɗaya: ba mai zuwa shi kaɗai, kuma wanda aka kira ya tashi.

An jima Yacine ta kawo abinci, ɗaure a ƙyalle. Na kwance. Kwanon shuɗi ne mai ɓantararren baki.

Ta tsaya a bakin ƙofa da saƙon uwarta. "Yaay ta ce in gaya maka kada ka mayar. Ta ce daren nan da ya dawo daga wurinka ya ce mata, in ya nutse a ba bawansa kwanon, ya riga ya yi magana a kai."

Na ce ta gaida ta.

Na zauna a tabarma. Kifin yana tsakiya, ƙanzon a gefe ɗaya, yadda ya saba. Na juya kwanon, ƙanzon ya dawo gabana.

Na cinye.